GARGAƊI: masu sayar da "fakitin gupi" da alƙawarin sayen 'ya'yan, kar wanda ya ƙara tura musu ko sisi

Salamu alaikum 'yan'uwa masu kiwon kifin ado da masu sha'awar farawa. Dan Allah duk wanda ya karanta wannan ya tura wa na kusa da shi, musamman matan aure da ɗalibai don su aka fi kamawa a wannan harkar. Akwai wani bawan Allah da yake talla a Facebook da TikTok wai "kiwon gupi a ɗakinki, riba duk wata", gupi kuwa wani ɗan ƙaramin kifin ado ne, zai sayar miki da fakitinsa sannan ya yi alƙawarin duk ɗan da kifin ya haifa shi zai saya da kansa, ke dai kawai ki ba su abinci. Damfara ce tsagwaronta. Ba zan kama suna ba, sunan shafin ma canzawa yake yi, wanda yake amfani da shi a damina ba shi ne na yanzu ba, amma salon ɗaya ne kuma salon nake so ku gane don ko gobe ya dawo da wani sunan ku shaida shi.

Ga yadda abin yake. Fakitin naira 85,000 ne, a ciki akwai mata 10 wai duk masu ciki, maza 3, bahon roba, ɗan ƙaramin famfon iska irin mai arha ɗin nan da abinci a ƙulle a leda ba suna ba komai. Sai ya ce miki kowace mace tana haihuwar 'ya'ya 100 duk wata, shi kuma zai sayi kowane ɗa naira 500 idan ya kai wata 2. Yi lissafi ki gani, 10 sau 100 sau 500, naira 500,000 kenan a wata daga baho ɗaya a bayan ƙofa. Yo wa zai ji wannan a halin da ake ciki hankalinsa bai tashi ba? Kuma wallahi mutumin ya iya baki, Hajiya kaza Anti kaza, "ai ke ma ki samu na kanki ba sai kin jira Alhaji ba", har da saka wa'azi a sitatus ranar Juma'a.

Abin da ya sa mutane ke yarda shi ne akwai gaskiya a cikin maganar. Gupi da 'yan'uwansa kifin ado irin moli da filati da mai wutsiyar takobi ba sa zuba ƙwai kamar tarwaɗa ko karfasa, macen tana riƙe ƙwan a cikinta har ya ƙyanƙyashe sannan ta haifo ɗan da ransa yana iyo. Cikin gupi kwana 21 zuwa 30 ne, galibi sati 4 idan ruwan na da ɗumi daidai, kuma macen tana ajiye maniyyin namiji a jikinta na watanni, barbara ɗaya sai ta yi ta haihuwa ciki bayan ciki ko babu namiji a bahon. So bidiyon da yake nunawa na kifi yana haihuwa ba haɗi ba ne, haka suke yi. Ƙaryar tana cikin adadi da kuma abin da yake ɓoyewa.

Ƙaramar mace a haihuwar fari sau da yawa ba ta wuce 'ya'ya 5 zuwa 15. Babbar da ta ƙoshi tana ba da 20 zuwa 50, wadda ke kai 100 sai jefi-jefi, ita ma sai ƙatuwa mai shekara da aka kula da ita sosai, ba irin 'yan figi-figin da yake turowa ba. Sannan babban abin da bai taɓa faɗa a tallarsa ba, uwar tana cinye 'ya'yanta. Eh, ta haife shi yanzu ta juyo ta haɗiye shi, sauran manyan ma haka. Wata baiwar Allah a unguwarmu da ta sayi fakitin ta ce mini ta ga cikin kifin ya sace da safe amma ba ta ga ɗa ko ɗaya ba, da ta tambaye shi sai ya ce wai ido ne ko baki, ta samu malami ya yi mata tofi a ruwan. Haba jama'a! Baho ne fayau ba wurin ɓuya, manya 13 a ciki da yunwa, ina ɗa zai tsira? Duk wanda ya san harkar ya san dole a sa abin da ƙananan za su shige, kainuwa ma ta isa don saiwarta tana da gashi-gashi suna laɓewa a ciki, ko a warware soson roba mai tsabta a jefa, ko kuma a ware mai cikin idan ta kusa, ta haihu a cire ta.

Ko sun tsira daga uwar akwai sauran aiki. Bakinsu ƙarami ne ƙwarai, abincin da ya ƙulla a ledar nan na 'ya'yan tarwaɗa ne aka daka, nutsewa yake ya ruɓe a ƙasa. Masu yi da gaske suna ƙyanƙyashe artemiya, wato ƙwan wasu 'yan mitsi-mitsin halittun ruwa da ake zubawa a ruwan gishiri da iska ya fashe bayan kamar kwana ɗaya a ba jariran su ci, ko a murje abincin kifin ado ya zama gari, wasu kuma gwaiduwar dafaffen ƙwai suke ɗan lakuta musu amma ita tana ɓata ruwa da sauri in ka zuba da yawa. Kaɗan-kaɗan ake ba su sau 3 zuwa 5 a rana. Sai kuma maganar ruwa wadda ita ce ta fi kashe kifin sabon shiga. Kashin kifi da ragowar abinci suna zama amoniya, guba ce, kuma sabon baho ba shi da ƙwayoyin bakteriyar da ke cinye ta, sai filta, wato matatar ruwa, ya yi sati 4 zuwa 6 yana aiki kafin su zauna. To a ce ma da gaske an haifi 1,000 a wata, a wane ruwan za su zauna? A wannan bahon guda? Wata na biyu wasu 1,000 su zo a kansu? Ko mai gonar tarwaɗa ka faɗa wa haka dariya zai yi maka. Ban ma zo kan ruwan famfo mai kulorin ba da sai ya kwana a buɗe ko a sa masa magani, da hunturun Kano da Zariya da ruwan baho ke yin ƙanƙara-ƙanƙara da asuba alhali kifin nan tsakanin digiri 24 da 28 yake so, da zafin Afrilu a ƙarƙashin rufin kwano, da wutar da za a ɗauke famfon iska ya tsaya. Duk wannan babu ko ɗaya a cikin "horon" da yake bayarwa a guruf ɗin WhatsApp, horon nasa duk hoton alat ne.

Yanzu ku saurari inda ainihin wayon yake, don nan ne na ce wannan ba jahilci ba ne shiri ne.

Asalin gupi kifin Kudancin Amurka ne, Benezuwela da Guyana da tsibirin Trinidad, sai aka yi ta kai shi ƙasashen zafi don ya cinye tsutsar sauro, da haka ya bazu ko'ina. A Legas yanzu haka yana nan cike da kwatoci da manyan magudanan ruwa, yaro da gidan sauro zai cika maka bokiti ba ko kwabo. Wannan na kwata shi ne na daji, macen toka-toka, namijin ƙarami da ɗan ɗigo-ɗigon kala da gajeriyar wutsiya. Masu babbar wutsiya da kuke gani a bidiyo, ja jawur ko shuɗi ko mai zanen maciji, waɗannan shekaru da shekaru aka yi ana zaɓe ana haɗawa kafin a same su, kuma yawancin na kasuwar duniya daga gonakin Singafo da Tailan da maƙwabtansu suke fitowa. Matsalar ita ce macen mai tsada ma ba ta cika kala ba, in ba ka saba ba da wuya ka bambanta ta da ta kwata. Shi kuwa mutumin nan me yake yi? Maza 3 ɗin nan masu kyau ne ba laifi, su ne na nunawa, su za ki kalla ki ce ma sha Allah. Matan 10 kuwa na kwata ne. Kuma ku tuna abin da na ce, mace tana ajiye maniyyi, waɗannan sun riga sun ɗauko na mazan kwata tun daga can, saboda haka haihuwar farko kam 'ya'yan kwata za ki samu, na bayan ma ko mazanki sun hau rabi-da-rabi ne ba za su fito kamar uban ba.

A takardar da yake turowa wadda yake kira yarjejeniya akwai layi ɗaya da ba wanda ke kula da shi, wai zai sayi 'ya'yan ne "idan sun fito da kalar kamfani". Ɗan gupi kuwa ranar da aka haife shi duk iri ɗaya ne, ɗan siriri mai manyan ido, sai ya yi kamar wata ɗaya zuwa sati 6 kafin namiji ya fara nuna kala, cikakkiyar wutsiya kuma sai wata 3 zuwa 4 ko fiye. Kun ga kenan yana da watanni a hannu da ba wanda zai iya cewa ya cuce shi, kowa na jira, kowa na kawo ƙawaye don akwai kamasho na 10,000 a kan duk wanda ka kawo. Ranar da kika tura masa bidiyon 'ya'yan sai ya ce ayya Hajiya kalar ba ta fito ba, ruwanki ne, ko ba ki sayi "maganin kala" na wajensa ba, wani 15,000 ɗin kenan. Wani kuma ce masa aka yi sai ya biya kuɗin gwajin lafiya da kuɗin wayabil kafin a zo ɗauka. Ana biya sai a ga an fitar da kai daga guruf, lambar ta daina shiga.

Za ku ce ai akwai waɗanda ya biya, mun ga alat. Ƙwarai kuwa ya biya wasu na farko-farko, 20,000, 30,000, kuma su ba ƙarya suke ba da suke rantsuwa sun karɓa. Da kuɗin sababbin shiga ya biya su, kuma 'ya'yan da ya karɓa a hannunsu ya riƙe su suka ɗan tasa ya ƙulla su a matsayin fakitin na gaba, wato kifin ma juyawa yake kamar kuɗin. Duk wanda ya ga abin da MMM, tsarin nan na zuba kuɗi a biya na farko da kuɗin na baya, ta yi wa mutane a Disambar 2016 ya san wannan kiɗan, bambancin kawai wannan karon an ba ka baho ka riƙe.

Wani ƙanin abokina ne ya saka ni a guruf ɗin don in duba masa kafin ya biya. Na yi sallama na ce Malam dan Allah tambaya gare ni, duk waɗannan dubban 'ya'yan da za ka saya ina kake kai su? Ya ce "ai Oga fita da su muke waje, Dubai da Turai". Na ce to madalla, nuna mana rajistarka ta NEPC ta masu fitar da kaya da takardar hukumar NAQS mai duba lafiyar dabbobi da kifi da tsirran da ake fitarwa, don ba a fitar da kifi mai rai ba tare da ita ba. Sai ya turo satifiket ɗin CAC. Na ce Malam wannan ai rajistar sunan kasuwanci ce, mai shagon caji ma yana da ita, ba ta ce kana da mai saye ba. Minti kaɗan aka cire ni, daga baya yaron ya turo mini abin da ya rubuta wai a yi hattara da mahassada masu baƙin ciki da arzikin mata.

Gaskiyar magana Najeriya tana fitar da kifin ado ta Legas, amma kifin kogunanmu ne da babu su a can, irin mai hancin giwa ɗin nan da makamantansa da ake kamowa a kudu. Ba wanda zai baro Singafo ya zo Kano neman gupin da aka raina a baho ba zaɓe ba komai. A nan gida kuma ku je duk shagon da ke sayar da akwariyam ku tambaya, mai shago manyan maza masu kala yake so 'yan kaɗan da zai iya sayarwa kafin su mutu masa, ba ya sayen jarirai, kuma yana da masu kawo masa. Kifin da ke haihuwa duk wata ba tare da an yi masa komai ba, wanda kowa in ya sayi uku bayan wata shida yana neman wanda zai ba kyauta, ta yaya jaririnsa zai yi naira 500 har a ce a kawo ko nawa ne? Ni nan sauƙin haihuwar da yake talla da ita ita ce ta nuna mini ƙarya yake.

Akwai wasu ƙananan ha'incin da na gani a hotunan da mutane suka turo mini, bari in faɗa a gurguje. Wani cikin "mata" 10 ɗinsa 4 maza ne da ba su gama girma ba. Ganewa ba wuya, ku dubi fiffiken da ke ƙarƙashin ciki dab da wutsiya, na mace a buɗe yake kamar mafici, na namiji kuma a tsuke yake siriri kamar tsinke, da shi yake barbara. Mace mai ciki kuma tana da baƙin tabo a bayan cikinta wanda ke ƙara duhu idan ta kusa, cikin ya zama kamar mai kusurwa, sai dai in zabiya ce to tabon ja-ja ne ba baƙi ba. Wani kuma 'ya'yan karfasa aka ƙulla masa wai jariran moli ne, suka girma suka fi ƙarfin bahon suka cinye sauran. Sannan "maganin kala" ɗin nan kar wanda ya zuba wa kifinsa abin da ba shi da suna, a harkar nan an san ana ba kifi sinadarin namiji don kala ta fito da wuri kuma yana iya hana macen haihuwa gaba ɗaya. Da yawa kuma kifin ya iso musu da farin ɗigo-ɗigo a jiki kamar an barbaɗa gishiri, cuta ce mai yaɗuwa, wanda ya zuba su cikin tsofaffin kifinsa ya yi asarar duka.

Ni ba cewa nake kar a yi kiwon ba, a'a, abin sha'awa ne sosai kuma yara suna son sa, wanda ya daure ya iya zaɓe har yana ɗan samun na abinci da na wuta. Amma ka fara da namiji 1 da mata 2 ko 3, don in maza sun yi yawa suna wahalar da matan da bi. Ka je da ƙafarka ka gani, in nesa ne a yi bidiyo kol ya nuna maka tankin da iyayen da 'ya'yan da suka riga suka yi kala, mai kiwo na gaske har daɗi yake ji a ce ya nuna, sai ka gaji da kallo. In kana son iri mai kyau ya ɗore ka tambayi macen da aka ware tun tana ƙarama namiji bai taɓa ta ba, in mai sayarwa bai gane me kake nufi ba to ba mai kiwo ba ne dillali ne. In za a sako maka a mota daga tasha ledar ta zama ruwa kashi ɗaya iska kashi biyu, a sa a kwali kar rana ta buga, in ta iso ka ɗora ledar a kan ruwanka minti 15 zuwa 20 zafin ya daidaita kafin ka sake su, kuma sababbi a ware su daban na sati 2 aƙalla. Duk wanda ya haɗa maka sayarwa da alƙawarin shi zai saye abin da aka haifa, ka tambaye shi me ya hana shi ajiye bahon a gidansa.

Waɗanda kuma abin ya riga ya shafa, kar kunya ta sa ku yi shiru, na san wasu kuɗin adashe ne wasu ba su ma faɗa wa maigida ba. Ku adana komai, hirar WhatsApp, hoton tallar, rasit ɗin tura kuɗi da lambar akawun da sunan da ya fito, kar ku goge don haushi. Ku je bankinku ku shigar da ƙorafi a rubuce da wuri, sannan 'yan sanda ko ofishin EFCC, kuma ku haɗu ku je tare don ƙorafin mutum 20 a kan akawun ɗaya ya fi na mutum ɗaya nauyi. In wani ya kira ku ya ce shi lauya ne ko jami'i zai ƙwato muku kuɗin amma ku fara turo wani abu, su ne dai suka dawo ta bayan gida. Kifin da ya rage a hannunku kuma dan Allah kar a juye shi a kogi ko dam ko kududdufin unguwa, baƙon kifi ne yana yaɗuwa ya takura wa namu, ku bar shi a baho ko tankin da ruwa ke kwana ya ci muku tsutsar sauro, ko ku ba wa mai so.

A satin nan an turo mini sabuwar tallarsa, ya bar gupi ya koma moli mai ƙaton ciki da ake kira balan, fakitin ya koma 120,000, wai wannan karon naira 800 zai sayi ɗa. Hoton da ya saka na wata gonar ƙasar waje ne, har rubutun yarensu yana nan a jikin tankin bai ma goge ba, lambar akawun ɗin kuma ita ce dai ta da.